Fuskar da Ba Ta Hau Allon Marina Ba

Tun kuna ƙanana mahaifiyarku take gaya muku, rabi wasa rabi gaske, cewa ni na goge kakanku daga tarihin Villeurbanne, garin da ke manne da Lyon. Ban taɓa musa mata a gabanku ba, domin ita ta iya gardama, ni kuwa ban iya ba. Amma ranar da Hadiza ta dawo daga yawon da lakwal ɗinsu, wato makarantarsu, ta kai su, ta tsaya a ƙofar ɗakina tana tambaya ko gaskiya ne Kaka ya yi aiki a ƙarƙashin dogon bututun nan na jan bulo, in kuma gaskiya ne me ya hana allon da ke gindinsa ya ambace shi, sai na ga bai kamata ku girma da rabin labari ba. Bakina ba zai iya ba, to bari hannu ya yi.

Daga Maraɗi na zo Lyon karatun tarihi, a jami'ar da ke Bron. Ɗakina bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, kuma ban san kowa ba sai littattafai. Wani ɗan Cadi da muke sallar Juma'a tare shi ya kai ni gidan Alhaji Habu, ya ce duk ɗan ƙasarmu da ya sauka garin nan a can yake cin tuwon Lahadi. Alhaji mutumin Damagaram ne, wato Zinder, dogo, da tsagen Barebari a kumatu da guda ɗaya da ya sauko daga goshi zuwa karan hanci. Yana da kanti a Guillotière inda yake sayar da shadda da atamfa da turaren wuta. Da ya ji uwata Bafillatana ce, shi ke nan na shiga uku, don kun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani.

"Ga bawana ya iso," haka yake tarbata kowace Lahadi. "Hajiya, a dama masa fura da nono kafin ya suma."

"Bar mini ɗana," in ji Hajiya Rabi daga kicin. "Shi kaɗai ke cin miyata bai ce gishiri ya yi yawa ba."

"Ai ba ya magana ne, Maman. Ko barkono zalla kika zuba masa, godiya zai yi."

Wannan ta ƙarshen ita ce Zulai, autarsu, wadda daga baya ta zama mahaifiyarku. A Lyon aka haife ta, tana karatun aikin jinya, Hausarta rabi Faransanci ce, kuma ita ta raɗa mini suna Malam Shiru. Abin da kowa ya sani game da Alhaji shi ne ya zo ƙasar nan yana saurayi, ya yi aikin buro, wato ofis, wurin wani dillalin yadi, daga baya ya buɗe nasa. A falo akwai hotonsa cikin kwat, zaune a bayan tebur da alƙalami a hannu. Mahaifinsa alƙali ne, yayansa kuma, Malam Mamman, limami ne a cikin Birnin Damagaram. Ba a ambaton sunan yayan nan a gidan sai Alhaji ya gyara zama.

A shekarar ƙarshe ta karatuna aka tura ni koyon aiki a ofishin da ke lura da tarihin garin Villeurbanne. Lokacin ana rushe tsofaffin masana'antu ana gina benaye, sai hukumar gari ta yanke shawarar kafa alluna na ƙarfe a wuraren da ya kamata a tuna: inda gonakin farko suke kafin gari ya cinye su, inda aka haƙa magudanar ruwa, layin gidajen ma'aikata, da wata babbar marina da ta daɗe tana rina silikin da masaƙan Lyon ke saƙawa. Marinar an baje ta ƙasa, bututun hayaƙinta kaɗai aka bari a tsaye. Shugabata wata mace ce mai suna Madam Silbi, mai gajeren gashi fari, ba ta yarda da kalma ko ɗaya a allo sai an nuna mata inda aka samo ta. Halinmu ya zo ɗaya, shi ya sa muka shaƙu ba tare da yawan magana ba. Aikina shi ne tattara hotuna da tsara 'yan layukan da za a rubuta. Ban taɓa son wani aiki kamarsa ba. Nakan tsaya a gindin bututun in tuna karofin unguwarmu a Maraɗi, inda na taso ina ganin marina suna tsoma zane a baba. Kafin in baro gida an cike ramukan da shara, an gina shaguna a kai, babu wanda ya kafa ko tsinke don a san an taɓa yin sana'a a wurin. Su kuwa mutanen nan sukan bar wa abin da ya wuce ƙafa ɗaya ya tsaya a kai. Na yi ta jin kishin wannan.

Wata rana jikokin wani tsohon shugaban ma'aikatan marinar suka kawo mana kwali cike da hotuna. A ciki akwai ɗaya da ya sa Madam Silbi ta cire tabarau ta sake mayarwa. Maza ne tsaye a gaban manyan tukwanen rini, sanye da rigunan roba, hannuwansu sun yi baƙi har gwiwar hannu. A gefen dama akwai wani dogon baƙin saurayi yana dariya. Takardun ma'aikatan marinar sun ɓace tun lokacin da aka rufe ta, saboda haka wannan hoton shi ne shaida ta farko da ta nuna baƙar fata sun yi aiki a wurin. Nan take ta ce shi za a sa a tsakiyar allon. Ta nuna kumatun saurayin da bakin alƙalami, ta ce wataƙila tabon wani haɗari ne. Ni kuwa tsagen nan na karanta shi kamar yadda ake karanta sunan unguwa a bango. Ga wushiryar, ga yadda yake karkatar da kai in yana dariya. Kowace Lahadi ina zaune gaban wannan fuskar. Ban ce mata komai ba, na roƙi kwafi ɗaya kawai.

Ba a tunkarar babba da irin wannan magana kai tsaye, don haka wurin Hajiya na fara zuwa, da rana, lokacin da na san Alhaji yana kanti. Na same ta tana gyaran kuɓewa. Ta goge hannu, ta karɓi hoton, ta kai shi kusa da taga.

"La ilaha illallahu! Ji wuya kamar na zalɓe!" Ta yi dariya har ta dafa bango, sannan dariyar ta tsaya. "Ina ka samo wannan, ɗan nan?"

Na gaya mata, har da maganar allon.

"A titi? Inda jirgin taram ke wucewa?"

"Nan ne, Hajiya."

"Hannun nan da kake gani, ni na san shi. Da aka kawo ni amarya haka na same shi. Lemun tsami, toka, sabulun wanki, babu abin da ban goga ba. Hoton falo kuwa, teburin wani Balarabe ne aka ara, ka duba da kyau za ka ga safar hannu ya sa." Ta miƙo mini hoton, sai kuma ta fasa, ta sa shi cikin zaninta. "Bari ni zan gaya masa. Kai dai in ya kira ka, ka je."

Ya kira ni. Ya sa yaron kanti ya fita, ya ja ni bayan tarin shadda inda yake salla, ya nuna mini kujera. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne bai ce bawana ba.

"Malam Lawali, zauna."

Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, kamar waɗanda suka shekara ba su haɗu ba. Sannan ya ce:

"Kai ɗan Maraɗi ne, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Da a kasuwar Rungis ta Paris na yi dako, da ban ɓoye ba. Da shara na yi, da na faɗa, a yi dariya a wuce. Amma rini? A gidanmu marini mutumin kirki ne. Muna saye a wurinsa, muna gaisawa, muna zuwa jana'izarsa. Ba ma haɗa zuri'a, shi ke nan. Yayana ya sayar da garkarsa ta noman rani ya sa ni a hanya, don in zo in riƙe alƙalami. Na zo na tarar alƙalamin yana da masu shi. Inda aka buɗe mini ƙofa nan na shiga, na rubuta masa cewa ina buro. Tun daga ranar ban canza magana ba."

"Baba, ai zamani ya canza," na ce.

"Zamaninku ya canza. Na yayana yana nan inda ya bar shi. Ɗansa yana aiki a Paris, kowace Salla a gidana yake yi. Yanzu kowa da abin ɗaukar hoto a aljihu. Kafin in kai gida daga masallaci, fuskata ta isa Damagaram. Tsoho ne, idonsa ya tafi, abin da ya rage masa shi ne in an zauna ya ce ƙanensa bai zubar da gidan ba." Ya dubi tafin hannunsa, wanda ya daɗe da komawa kalarsa. "Ban saba roƙon yara ba. Ina roƙonka."

Ban taɓa jin nauyi irin na ranar ba. Mutumin da ya ciyar da ni shekara da shekaru, yana sunkuyar da kai a gabana.

Zulai ta ji labarin daga bakin uwarta, ta tare ni a tashar taram ta Bron da farar rigar asibiti a ƙarƙashin kwat ɗinta. Ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Malam Shiru, wai da gaske za ka cire shi?"

"Shi ya ce a cire."

"Mais c'est mon père! Ubana ne, ina da haƙƙi a kansa ni ma. Ka san sau nawa lakwal ta kai mu Croix-Rousse kallon kayan masaƙa? Wannan ta ce kakana ya yi saƙa a nan, wancan ya ce kakata ta yi zare a can. Ni ina baya riƙe da jakata kamar wadda ta zo yawon buɗe ido. Ashe ubana da hannunsa ya rina silikin. Garin nan nawa ne tun kafin a haife ni, ba wanda ya gaya mini!"

"Yayansa..."

"Wani tsoho a Zinder da ban taɓa gani ba sai sau ɗaya! Saboda shi za a bar ni ba tushe?" Ta matso, ta rage murya. "Madam ɗinka ta san ko wane ne?"

"Ba ta sani ba."

"To wala, shi ke nan. Ba sai ka yi komai ba. Ka yi shiru kawai. Ai ka iya."

Gaskiya ta faɗa, kuma a nan ne maganar take. Ƙa'idar ofishin ita ce, in ba a san mutumin da ke cikin tsohon hoto ba, ana iya kafa shi a rubuta cewa ba a san sunansa ba. In kuwa an san yana raye, dole sai da yardarsa. Ni kaɗai na sani. Da na kama bakina, hoton zai hau allo, in koma wurin Alhaji in ce abin ya fi ƙarfina, Turawa ne suka yanke. Ba zai taɓa ganewa ba. Akwai kuma wani abu da ban gaya wa kowa a gidan ba. Madam Silbi ta aika kwafin hoton ga wani farfesa a Paris, shi kuma ya kira ni. Na hau jirgin ƙasa na je, ya zaunar da ni a ofishinsa mai cike da littattafai har rufi, ya ce ba wanda ya taɓa rubutu a kan 'yan Afirka ta Yamma a masana'antun Lyon. In na nemo mutumin nan ko danginsa, na naɗi maganarsu, zai ɗauke ni karatun dakta a ƙarƙashinsa. A hanyar dawowa ina kallon gonaki ta taga, ina jin kamar an buɗe mini ƙofar da tun ina yaro nake leƙenta ta kafar makulli.

Na daɗe ina juya abin. Ban ga laifin Zulai ba, har yau ban gani ba. Ban kuma yarda da ra'ayin gidan su Alhaji a kan marina ba, don maƙwabtanmu ne a Maraɗi, a kwano ɗaya na ci da 'ya'yansu. Amma na kasa samun hanyar da zan bi in ɗauki fuskar mutum mai rai in kafa a titi bayan ya ce a'a, sannan in je Lahadi in sa hannu a tuwonsa. Na kuma kasa ganin yadda zan rubuta a allon tarihi cewa ba a san shi ba, alhali na san shi. Allon da aka kafa don gaskiya, layinsa na farko ya zama ƙaryata.

Na shiga ofishin Madam Silbi na gaya mata mutumin yana raye, na san shi, kuma bai yarda ba. Da farko murna ta yi, ta miƙe tsaye, ta ce a kai ta wurinsa. Da ta gane ba zan faɗi ko sunansa ba, sai ta zauna.

"Kunyar aikin ƙarfi yake ji? Ka gaya masa a garin nan abin alfahari ne. Ubana ma ma'aikaci ne."

"Ba aikin ƙarfin ba ne, Madam. Rinin ne."

"Ban gane ba."

Na yi ƙoƙari, amma bayanin ya ƙi zama a Faransanci. Ta dube ni ta ce in na bar wannan, na san abin da na bari a Paris? Na ce na sani. Ta mayar da hoton cikin kwali da hannunta. Na roƙe ta ko layi ɗaya a sa, a ce mutanen Nijar sun yi aiki a nan. Ta tambaye ni shaida. Hoton bai faɗi ƙasar kowa ba, takardu babu, mai bakin faɗa kuma ya ƙi. Da ni ne a kujerarta, amsar da zan bayar ke nan. Layin bai shiga ba.

Na rubuta wa farfesan na ba shi haƙuri, ya amsa da layi biyu masu ladabi, daga nan ban sake ji daga gare shi ba. Na gama karatuna da wani batu na daban, na sami aiki a laburaren da kuka san ni a ciki, ina jera littattafan da wasu suka rubuta. Ba na cewa ban ji zafi ba. Zulai kuwa ta daina yi mini magana. In na zo Lahadi sai ta ɗauki kwanonta ta shige ɗaki. Yadda aka yi muka shirya har aka kai ga aure, wannan wani babi ne, kuma Hajiya ce ta yi rabin aikin. Amma ku sani ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa neman ta faɗa ba.

An kafa allon da hoton ginin marinar daga waje, babu mutum ko ɗaya a ciki. Bayan an kwana biyu, wata Juma'a da muka fito masallaci, Alhaji ya riƙe hannun rigata ya ce in raka shi wani wuri. Muka hau taram, bai faɗi inda za mu ba, ni ma ban tambaya ba. A gindin bututun muka sauka. An shuka ciyawa kewaye da shi, yara suna wasan ƙwallo, wata mata tana tura keken jariri. Ya ɗaga kai ya bi bututun da kallo har sama, hularsa ta kusa faɗuwa. Sannan ya tsaya gaban allon, ya harɗe hannuwa a baya.

"Karanta mini. Da Hausa."

Na karanta masa yadda aka kafa marinar a bakin ruwa, da yadda siliki ke zuwa fari ya fita da launi, da yadda unguwar ta taso kewaye da ita. Na zo layin ƙarshe, inda aka ce mutane sun zo daga ƙauyukan Faransa, da Italiya, da Armeniya, da Sifaniya, da Aljeriya, sun ba wurin nan ƙarfinsu.

"Ci gaba."

"Ya ƙare, Baba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ƙwallon yaran ta gangaro kusa da ƙafarsa, bai ko duba ba.

"Mu fa?"

Amsar tana bakina, amma ba amsar da ake ba babba ba ce, sai na haɗiye ta.

"Ba ni kaɗai ba ne, ka sani," ya ce, idonsa na kan allon. "Akwai Musa ɗan Abeshe, shi ya koya mini aikin. Akwai Garba na Tawa, tari ya kashe shi, a nan aka binne shi. Akwai Idi daga Garwa, mai waƙa. Su ba 'ya'yan alƙali ba ne. Idi da ya ga kansa a bango, da sai ya tara gari."

Sai a lokacin na ga abin da ban gani ba duk tsawon juyin da na yi wa maganar. Na auna Alhaji, na auna Zulai, na auna kaina. Ban auna waɗannan ba, don ban san da su ba, kuma babu wanda ya tambaye su. Ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, na ce amin, masu wucewa suna satar kallonmu. Da muka shafa, na tattara ɗan ƙarfin halin da Allah ya ba ni.

"Baba, allo ana iya sake shi. In ka yarda, gobe sai in koma wurin Madam."

Na ga leɓensa yana motsi, har na ɗauka zai ce to. Ya sa yatsa ya taɓa gefen allon, inda ya rage fili babu rubutu, ya janye.

"Yayana yana da rai," ya ce. "Mu je, Hajiya na jira."

Na ci gaba da jira tare da shi, ina tsammanin ranar za ta zo. Kakanku ya rasu Hadiza tana goye. Malam Mamman, makaho, mai shekaru kusan ɗari, shi ya yi masa zaman makoki a Damagaram, yana gaya wa masu gaisuwa cewa ƙanensa ma'aikacin buro ne a ƙasar Faransa.